Kwalaben Nerio Mai Faci

A wani ƙauye da ke bakin kogin Secchia, kusa da Sorbara, aka haifi Nerio Baraldi. In ban da ɗan zaman da ya yi a soja yana ferar dankali, bai taɓa daɗewa a wani gari ba. Ubansa manomi ne a gonar wani, ga 'ya'ya maza birjik, ga gona ba ta ƙara faɗi, don haka da Nerio ya tasa aka kai shi wurin wani tsoho mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ƙasar tasu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, kowa da kekensa, daga Fadan coci har ungozoma, saboda haka mai faci ba ya rasa aikin yi. Da tsohon ya rasu Nerio ya gaji rumfar, da famfon, da wata lotsattsiyar kujera wadda duk wanda ya zauna a kanta sai ya yi hira ko bai yi niyya ba, domin tashi daga cikinta aiki ne.

A rumfar nan Nerio ya gano abin da yake kira sirrin duniya. Wai komai iska ne. Taya in ba iska ba ta tafiya, burodi in ba iska dutse ne, mutum kuwa ranar da iskarsa ta fita sai makabarta. Yana da babban yatsa mai faɗi kamar cokali, baƙi wuluk saboda man keke, da shi yake danna duk abin da ya gani don ya ji ko iskarsa ta kai. Ya danna kankana a kasuwa, ya danna kumatun jariri ranar suna, ya danna tumbin abokinsa ya ce an cika famfo. Masu sayar da tumatir in sun hango shi sai su rufe kaya.

Babbar hujjarsa ita ce giyar garinsu, Lambrusco. Ta wajensu ja ce mara duhu, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, tana da tsami mai tsinka yawu da ƙamshin fure, in an zuba ta sai kumfa ya taso ya yi ɗan shu'umin sauti ya koma. Nerio yakan ɗaga tambulan ya kara a kunne kafin ya sha, ya ce wannan ita ce kaɗai abin sha da ke magana. Sauran giyar duniya a wurinsa tayoyi ne da suka sace.

Yana cikin samartaka wata ranar kasuwa wata budurwa ta turo keke rumfarsa, tayar baya a kwance, ga buhun fulawa ɗaure a kan kariyar baya. Sunanta Zelinda Cavazzuti, 'yar kan tuddan Castelvetro, ta zo duba gwaggonta za ta koma. Nerio ya yi facin da bai taɓa yin irinsa da kyau ba, sannan da ya ga za ta tafi ke nan ba zai sake ganinta ba, sai ya ɗan sassauta bawul a ɓoye. Ba ta fita daga ƙauyen ba tayar ta sake kwantawa. Ta dawo, ta jingine keken, ta dube shi tun daga takalmi har hula. Ta ce masa ubanta ma yana da keke, ta san bawul in an taɓa shi. Tunda yana son ya sake ganinta, to ya ɗaure bawul ɗin, ya ɗauki buhun fulawar a nasa keken, ya raka ta gida, sai ya gan ta ya ƙoshi.

Nerio bai taɓa hawan tudu da keke ba. Da suka bar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa hanya ta fara miƙewa sama, sai ya ji ƙirjinsa yana kuka kamar tsohon famfo. Zelinda tana gaba tana tuƙi tana ba shi labarin 'yan'uwanta, shi kuwa ko amsa ya kasa. A ƙofar gidansu ya sauke buhun ya zauna a kai, bakinsa a buɗe. Uwarta, Argia, ta leƙo ta taga ta tambaya ko mai dakon kurma ne. Zelinda ta ce a'a, yana magana, ranar Lahadi zai zo cin abincin rana ya nuna musu.

Ranar Lahadi ya yi wanka, ya kankare yatsan nan iyakar ƙoƙarinsa, ya zaɓo kwalba mafi kyau a ɗakin ubansa ya ɗaure ta a jikin keke. Rana ta take, hanya duk duwatsu, kwalbar nan ta sha girgiza tun daga bakin kogi har kan tudu. Ya tarar an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, wanda ba a fito da shi sai ranar biki. Ga uban Zelinda, mutum mara magana, ga Argia, ga ƙanin Zelinda, Ermes, ƙaton saurayi mai koyon fawa, yana kallonsa kamar yana lissafin yadda zai sassara shi. Nerio ya miƙe ya yi ɗan jawabi a kan giyar garinsu, ya ce yau za su ji abin da ake kira ladabi a cikin kwalba. Ya yanke igiyar da ta riƙe matoshin.

Matoshin ya tashi ya bugi silin, ya dawo ya faɗa cikin tukunyar romo. Giyar ta bi bayansa. Ta wanke silin, ta sauko a kan farin ƙyallen, ta jiƙa gashin Argia da aka yi wa gyara don ranar, har kyanwar gidan sai da ta samu rabonta ta fice ta taga. Nerio ya yi ƙoƙarin toshe bakin kwalbar da babban yatsansa, abin da ya sa ta fesa gefe ta sami uban Zelinda a kunne. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage a gindin kwalbar bai fi a jiƙa harshe ba. Ermes ya miƙa hannu ya tsiyaye shi a tambulan, ya ɗaga ya duba a hasken taga, ya kurɓa.

"Yaya," ya ce wa Zelinda, "wannan kwaɗon kogin, ruwan wanke hannu ya kawo mana. Amma ya kyauta, ya wanke mu da kansa."

Sannan ya je ya ɗauko tasu. Lambruscon kan tudu baƙa ce kamar jini, kumfanta shuɗi-shuɗi mai kauri, tana da bauri da ke kama dasashi, tana barin gashin baki a leɓen mai sha. Nerio ya kurɓa don kunya, ya ji kamar ya tauna ɓawon itace. Ya so ya yi shiru, amma bakinsa ya riga shi. Ya ce wannan da ita ya kamata a riƙa rina takalmi. Daga wannan rana shi da Ermes ba su sake yarda da juna a kan abin sha ba.

Argia ba ta yi faɗa ba. Ta goge fuskarta ta ce wanda ya ɓata silin shi zai gyara. Lahadi mai zuwa Nerio ya hau tudu da bokitin farar ƙasa, ya shafe silin. Da ya bushe jan ya sake fitowa. Ya dawo ya sake shafawa, ya sake fitowa. Haka ya yi ta zarya duk bazarar nan, yana shafa yana cin abincin rana, har ƙafafunsa suka saba da tudu, har mutanen unguwa suka fara kiransa surukin Argia tun ba a yi maganar aure ba. Da kaka ta zo uban Zelinda ya yi doguwar maganar da bai taɓa yin irinta ba. Ya ce farar ƙasa ta yi yawa a gidan nan, a ɗaura auren kawai.

Zelinda ta tare a ƙauyen bakin kogi, ta haifi 'ya mace guda, Loretta. Ermes ya buɗe rumfar fawa, ya yi aure shi ma, amma duk Lahadi sai ya sauko gidan yayarsa da nama a hannu ɗaya, baƙar kwalba a ɗayan. Kullum kwalba biyu ake ajiyewa a tebur, kowace a gaban mai ita, kamar zakarun da za a haɗa. In Zelinda ta kawo ƙafar alade da aka cusa wa nama, mai maiƙon da ke manne leɓe, sai Nerio ya ce ga inda tsamin tasu ke aiki, kurɓi ɗaya ta share baki tas kamar an yi shara, ka koma wa naman kamar yanzu ka fara. Ermes ya ce nama irin wannan namiji ne, sai giyar da za ta tsaya su yi kokawa, ba wadda za ta yi masa shara ba. In cuku mai tauri aka gutsuro, rigima ta koma kan cuku. In soyayyar fulawa mai kumbura aka kawo da siraran yankan nama, Nerio ya danna ta da yatsa ya ce iska da iska ne suke jituwa. Ermes ya ce ya cire ƙazamin yatsansa daga abincin mutane.

Ita Zelinda ba ta shiga. In ta zuba romo da 'yan ƙullin taliyar nan masu nama a ciki, sai ta miƙa hannu ba ta ko duba ba, duk kwalbar da ta kama ta tsiyaya kaɗan a romon ta sha abinta. Su biyun sukan zuba ido su ga wadda hannunta zai faɗa wa, wanda aka ɗauki tasa ya yi ta murmushi har a tashi. Da aka tambaye ta wacce ta fi so, ta ce wadda ta fi kusa.

Nerio ya kai shekara arba'in da wani abu lokacin da Ermes ya faɗi maganar da ta tsaya masa a rai. Ya ce shi dai naman da yake yabo shi ya yanka da hannunsa, wani kuwa yana ta cika baki da giyar da ko inabinta bai taɓa matsawa ba. A shekarar nan Nerio ya karɓi 'yan layukan inabi a wurin wansa, ya sayo gangar katako da tulunan gilashi, ya share ɗakin ajiya na ƙasa ya ture kwalaben tumatirin Zelinda gefe. Tsofaffi suka so su koya masa yadda ake yi da lokacin da ake ɗurawa a kwalba. Ya ce musu mutumin da ya yi rayuwarsa yana sa iska a taya ba ya bukatar a koya masa sa iska a kwalba.

Ta shekarar farko ta fito lami. Ya buɗe kwalba ya kara a kunne, shiru kamar rijiya. Ya buɗe wata, haka. Ya zauna a kan matakala ya yi tagumi, can sai ya tashi ya tafi rumfa ya ɗauko famfo. Ya zura bututun cikin kwalba ya yi ta bugawa, giyar tana ɓulɓulowa, shi yana murna. Fada Gelindo ne ya fara faɗawa tarkon, ya zo karɓar kekensa ya zauna a kujerar nan ya kasa tashi da wuri. Nerio ya zuba masa, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rasa inda zai tofar, ya haɗiye. Ya ce a duk shekarunsa na aikin coci bai taɓa shan giyar da ta tuna masa da tafiya ba sai wannan, domin ɗanɗanon roba da man keke take yi. Labari ya kai kan tudu kafin Lahadi. Ermes ya sauko ba kwalba a hannunsa, sai tayar keke da ya rataya a wuya, ya ce ya kawo a cika masa ya tafi da ita gida.

Shekara ta biyu Nerio ya rantse ba za a sake yi masa dariyar rashin kumfa ba. Ya ɗura giyar a kwalba tun ba ta gama tafasa ba, ya kuma bi kowace kwalba da cokalin sukari, wasu ma ya ƙara musu don ya ga kamar sun rame. Ya buga matosai ya ɗaure da igiya, ya jera su a kan katako har kusa da rufi. Duk lokacin sanyi suna nan lafiya. Sai zafi ya shigo, irin zafin bakin kogi da ke sa kare ya ƙi yin haushi.

Wata rana bayan abincin rana, gari ya yi tsit kowa yana ɗan rintsawa, sai aka ji ƙara daga ƙarƙashin gidan kamar an harba bindiga. Maƙwabciyarsu Iride ta leƙo ta ce mafarauta sun shigo gari. Kafin a amsa mata aka ji ta biyu, da ta uku, sannan wata irin ƙara mai haɗe da tarwatsewar gilashi wadda Zelinda ta gane nan take, domin muryar kwalaben tumatirinta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa mijinta ya sauka ya raba faɗan da ya haɗa, in kuma tumatirinta ya ƙare, to da giyarsa zai riƙa cin taliya har shekara ta zagayo.

Nerio ya buɗe ƙofar ɗakin ƙasa kaɗan, wani matoshi ya wuce ta gefen kunnensa, ya rufe. Ya aika aka kira Ermes, wai ya zo da gaggawa yayarsa na cikin haɗari. Ermes ya iso da rigar fawa a jikinsa, ya tsaya a tsakar gida ya saurari ƙarar, ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya gama ya share hawaye ya tambaya ina tukwane. Nerio ya kifa tukunyar taliya a ka, Ermes ya kifa ta romo, suka ɗaura matasan kai a ƙirji da igiyar shanya, suka cire ƙyauren bayan gida suka riƙe shi a gaba kamar garkuwa. Haka suka sauka matakala, gajere a gaba dogo a baya, suna zagin juna a hankali don kada kwalaben su ji.

"Bunsurun tudu, daina taka mini ƙafa."

"To ka yi sauri mana, mijin Yaya. 'Ya'yanka ne, kai suka sani."

Ƙasan ɗakin ya zama tafki ja, tumatir da giya sun gauraye, ƙamshi kamar ana dafa miyar biki. Mafi yawan kwalaben suna nan a jere suna jiran lokacinsu. Suka riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya a nannaɗe cikin bargo, kamar masu ɗauko jarirai daga gobara, suna tsomawa a kwarin ruwan sanyi da ke bayan gida. Amma kowa ya san gobe ma rana za ta fito. Ermes ya cire tukunyar daga kansa ya ce magani ɗaya ne, kwalbar da aka shanye ba ta fashewa.

Zelinda ta aika gida-gida. Kafin la'asar an fito da tebura kan titi, mata sun hura wuta suna soya fulawa, wani ya kawo cuku, Ermes ya aika rumfarsa aka kwaso yankakken nama. Aka tsayar da ƙyauren nan a tsakiyar titi, duk mai buɗe kwalba sai ya laɓe a bayansa ya miƙo hannu kawai, ana riƙe da bahon wanki a gaba don tare abin da zai tsere. Rabin kowace kwalba a baho yake ƙarewa, daga baho ake kamfata da kwano. Abin mamaki, giyar ta yi daɗi. Tsaminta ya fito sarai, ga ƙamshi, ga kumfa har yana shiga hanci ya sa tsofaffi atishawa. Fada Gelindo da ya ƙi karɓa da farko sai ga shi yana miƙa kwano karo na biyu. Nerio ya bi Ermes da ido har ya kurɓa. Ermes ya goge baki, ya daɗe yana tauna nama, sannan ya ce ba ta kisa. Nerio ya riƙe wannan magana shekaru yana faɗa wa masu kawo faci, wai ƙanin matarsa ya yabi giyarsa a gaban shaidu. Zelinda kuwa ta hana shi sake taɓa sukari, ta sa tsofaffin nan suka koya masa, ya zauna ya saurara yana gyaɗa kai kamar dama abin da yake shirin yi ke nan.

Da Loretta ta girma ta tafi karatun jinya, ta dawo wata Lahadi da saurayi. Sunansa Tiziano, siriri mai tabarau, direban jirgin ƙasa, mutumin wajen Treviso. Yaron kirki ne, ya gaida kowa da ladabi, ya kira Nerio Baba tun a bakin ƙofa. Sai dai ya zo da tsaraba. Ya ajiye kwalba ta uku a tebur, tsakanin ta Nerio da ta Ermes, ya ce Prosecco ce ta garinsu. Ya buɗe ta a hankali cikin tafin hannu, ba ƙara, sai ɗan huci. Ya zuba. Fara ce tas, kumfanta ƙanana suna hawa a layi kamar 'yan makaranta, tana ƙamshin tuffa.

Nerio ya dubi Ermes, Ermes ya dubi Nerio. Tunda suke ba su taɓa fahimtar juna da ido ba sai ranar. Ermes ya tambayi Tiziano ko a garinsu inabi ba ya nuna ne. Nerio ya ce a bar yaro, wataƙila ciwo giyar ta yi ta ɗashe. Suka sa aka kawo ƙafar alade, suka ce ya gwada tasa da ita. Tiziano ya ci ya kurɓa, ya yarda cewa naman ya fi ƙarfinta, ta ɓace a baki kamar ba a sha ba. Ya ce ai ba abincinta ba ne, su zo garinsu su ji ta da nata. Loretta ta harari ubanta, Zelinda ta ce za a je, kuma za a je da baki mai kyau. Da baƙon ya tafi, Nerio ya zuba wa Ermes tasa, Ermes ya zuba wa Nerio baƙar, suka sha suna yamutsa fuska, kowa ya ce ko ba komai dai ja ce.

Suka tafi a motar Ermes mai warin nama, da akwatin kwalabensu a baya kamar masu zuwa ƙasar da ba ruwa. Uwar Tiziano ta zaunar da su a inuwar inabi ta kawo ƙananan kifi soyayyu masu ƙamas-ƙamas, da gishiri da lemon tsami, da shinkafa mai laushi da aka dafa da ganye mai ɗaci. Don taurin kai Nerio ya fara da tasa, ya ji kifin ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Ya faki ido ya kurɓi farar. Sanyinta da ɗan zaƙinta suka ɗauke gishirin da man, kifin ya dawo kifi. Ya sake kurɓa don ya tabbatar ba ta da daɗi, ya sake. Da ya juya ya ga Ermes ya ɓoye tambulan a bayan kwandon burodi yana yin irin abin da yake yi. Ba wanda ya tona wani. A hanyar dawowa Nerio ya ce kifin ne mai kyau, Ermes ya ce lallai kifin ne.

Shirin bikin ya ɗauki wata da watanni, ba don komai ba sai don abin da za a zuba wa baƙi. A ƙarshe Zelinda da uwar ango suka yanke hukunci ta waya ba tare da sun tambayi namiji ko ɗaya ba. Farar giya da kifi a farko, ta bakin kogi da romo, ta kan tudu da nama. Ranar bikin Nerio ya miƙe zai yi jawabi, ya shirya maganganu masu yawa, amma da ya ga 'yarsa cikin fararen kaya sai duk suka ɓace masa. Ya tsaya riƙe da tambulan, hawaye na bin kumatunsa, abin da ya iya faɗi kawai shi ne Tiziano ya riƙa duba mata tayoyi. Ya zauna. Mutanen Treviso suka ɗauka wata al'ada ce ta dangin amarya, suka tafa sosai.

Yanzu Nerio ya tsufa, ya rufe rumfa tun da gwiwoyinsa suka ƙi durƙuso. Da matar Ermes ta rasu, Zelinda ta ce ba za ta bar ƙaninta shi kaɗai a kan tudu yana magana da bango ba. Ermes ya ce shi ba zai iya zama cikin sauro da kwaɗi ba, sannan ya kwaso kayansa ya tare a ɗakin Loretta na da. Likita ya hana su biyun maiƙo da gishiri, don haka yanzu a kan dafaffen kabewa da farar shinkafa suke musun wacce ta fi dacewa, kuma musun bai rage zafi ba.

Duk lokacin da Loretta ta aiko cewa suna tafe da mijinta da yara, tsofaffin biyu sukan tashi da safe su ɗauki ƙugiya da bokiti su nufi kogi, wai za su kamo ƙananan kifi don baƙo, tunda shi ba ya iya cin abincin mutane. Sukan zauna a bakin ruwa har rana ta take, Ermes yana cewa surutun Nerio ne ke korar kifin, Nerio yana cewa inuwar Ermes ce. Ba su taɓa kamo abin kirki ba. Zelinda takan bari su fita, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi wurin mai kifi a kasuwa. In sun dawo da bokiti ba komai sai su tarar mai ya riga ya yi zafi a kasko, su wanke hannu su zauna, kowa yana ba yara labarin wanda ya kuɓuce masa.